Nomau Masaƙi da Jirgin Ruwan Shuka

Ranar da binnen geron Nomau ya cika kwana goma sha tara a ƙasa babu ɗigon ruwa, wata shamuwa ta sauka a kan dutsen da ke danne da zaren saƙarsa, ta gyara fiffike, ta yi masa sallama kamar mutum.

Nomau masaƙi ne a ƙauyen Gamjin Tudu, mutum mai gardamar tsiya da saurin yanke shawara. A shekarar nan, da ya ga gabas ta yi duhu sau ɗaya tak, bai shawarci kowa ba ya kwashe irin geron da ya rage a gidan kaf, ya je ya binne a busasshiyar ƙasa, wai don ruwan farko ya same shi a shirye. Matarsa Tabawa ta roƙe shi ya rage ko tiya ɗaya, ya ce mata tsoro ba ya cika rumbu. Hadarin nan kuwa ya watse abinsa. Yanzu tururuwa sun fara jidar irin, zabbi suna tono, tsofaffi sun ce in aka ƙara kwana uku a haka sai dai a yi wa gonar ta'aziyya. Ba shi da wani iri, babu kuma mai ba shi, don kowa ta kansa yake yi. Tabawa kuwa sai kallo take bin sa da shi, kallon nan nata ya fi masa zagi ciwo.

Ya amsa sallamar. Shamuwa ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ni manzo ce daga Sarkin Jirgi na Tashar Gizagizai. Jirgin da ke ɗauko muku ruwan shuka yana can ɗaure, ba shi da zanen da zai kama iska. An aiko ni in zo da masaƙi."

Nomau ya ɗan gyara zama, kansa ya fara kumbura. Ya ce, "Ashe labarin saƙata ya kai har can?"

Ta ce, "Ko kusa. Duk masaƙan ƙasar nan sun fita roƙon ruwa, kai kaɗai na tarar a bakin aiki. Naɗe kayanka mu tafi."

Bai ji daɗin amsar ba, amma ya tuna gonarsa. Ya kwance masaƙar, ya zuba ƙoshiya da allera da allurarsa a burgame, ya rataya. Shamuwa ta girgiza jiki sau uku ta zama kamar raƙumi, ya hau, suka tashi.

Suka ƙetare wani daji inda duwatsu ke kiwo kamar shanu, 'ya'yansu na tsalle a bayansu. Suka ƙetare wani kogin rairayi mai gudu daga gangare zuwa tudu, kifayensa na leƙo kai suna atishawa. Suka iso wata ƙofa a tsaye ita kaɗai a sararin sama, babu bango dama babu hagu, wani aljani mai kunnuwa har ƙasa yana gadinta. Nomau ya ce wa shamuwa su kewaye mana, ga fili. Ta ce masa wanda ya kewaye ƙofar nan zai yi shekara arba'in yana kewayawa. Mai gadi ya ce, "Ya kai baƙo, me ka zo da shi wanda babu irinsa a ƙasarmu?" Nomau ya laluba aljihu, babu komai sai rabin goro. Aljanin ya tauna, ya yamutsa fuska, can sai ya kurɓi ruwa a kai, ya ji zaƙi, ya fashe da dariya ya buɗe ƙofa.

A bayan ƙofar nan teku ce shimfiɗe, ruwanta garau, bakinta cike da jirage. Nomau bai taɓa ganin jirgin da ya wuce kwalekwalen fito ba, sai ya saki baki yana kallo. Shamuwa ta ce, "A nan rana ba ta faɗuwa, ni zan riƙa ƙidaya maka kwanakin gida. Ɗaya ya tafi a hanya, saura biyu."

Ta bi da shi bakin tasha tana nuna masa. Ga wani ƙaton jirgi mai jigo uku, wato dogayen itatuwan nan da ke tsaye a tsakiyarsa. Kowane jigo an gicciya masa sanduna, an rataya zannuwa masu kusurwa huɗu, wani bisa wani, na sama ya fi na ƙasa ƙanƙanta. Ta ce, "Wannan shi ne Marka, mai ɗauko ruwan tsakiyar damina. In iska na bayansa babu mai kamo shi, in ta juyo ta gabansa kuwa sai ya tsaya cik." Ga wani mai zanen tabarma da aka jera wa gorori a kwance, ana naɗe shi hawa-hawa a buɗe hawa-hawa. Ta ce wannan na ƙanƙara ne, ba a son a cika aika shi. Ga 'yan ƙananan jiragen yayyafi, kowanne da ɗan zanensa guda, suna zagaya tashar suna tsokanar juna.

A can ƙarshe wani jirgi ne siriri, doguwar sandarsa a karkace, bakinta ɗaya na duban sama ɗaya na duban goshin jirgin, amma tsirara take. Shamuwa ta ce, "Ga Mabuɗi. Zanensa mai kusurwa uku ne, shi kaɗai ke iya tafiya ko iska na hura masa a fuska, yana yankarta gefe-gefe. Shi ke fara fita da ruwan shuka ya buɗe hanya. In bai fita ba, babu jirgin da zai motsa."

A kan jirgin suka tarar da Sarkin Jirgi, aljani dogo mai gemu kore da rawani fari sol. Nomau ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarkin Jirgi ya ce, "Tashi, ɗan Adam. Ka sani mu 'yan dako ne kurum, mai ruwa shi ne Allah. Tun da aka kafa tashar nan muke saƙa zanen Mabuɗi falle ɗaya, babu ɗinki babu haɗi, santsinsa kamar fuskar ruwa. Amma bana Uwar Guguwa ta tsaya a mashigin da ke tsakaninmu da ƙasarku, ta tara farce. Sau uku muna fita, sau uku tana sa farce ɗaya a saman zanen, iska ta ƙarasa mata aikin, ya kece har ƙasa. Zaren da ya rage mana na zane ɗaya ne. Masaƙanmu sun ce ba su da wata dabara. Fito da masaƙarka mu ga irin faɗin da take bayarwa."

Nomau ya zazzage burgame. Da aljanun jirgin suka ga 'yar masaƙar da faɗin saƙarta bai wuce yatsu huɗu ba, sai wurin ya kece da dariya. Wani ya faɗo daga kan jigo don dariya, wani ya tambaya ko ɗamarar ƙadangare ake saƙawa da ita. Kunya ta kama Nomau har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa jin sana'ar ubansa ta yi masa ƙanƙanta ba sai ranar.

Can zuciyar gardamar nan tasa ta motsa. Ya tuɓe rigarsa, tsohuwar riga ce saƙar hannunsa, ƙwarya sittin, wato tsiri sittin na saƙa da aka haɗa baki da baki da allura. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ba ni aron rawaninka da wuƙa."

Sarkin Jirgi ya warware rawanin ya miƙa. Nomau ya ɗan tsaga gefensa da wuƙa, ya ce aljanu biyu su ja. Suna ja ya kece fyaat, tun daga wannan baki har wancan. Sannan ya tsaga rigarsa daidai haka, ya ce su ja. Suka ja, tsagar ta yi tafiyar yatsu huɗu ta tsaya. Suka ƙara ƙarfi har jijiyoyin wuyansu suka fito, ba ta ƙara ko kaɗan ba.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kowace ƙwarya tana da bakinta biyu a kulle. In ɓarna ta shiga ɗaya, a nan za ta kwana, ba ta ƙetarawa gidan maƙwabciya. Mu talakawa ba mu da halin sake riga duk shekara, shi ya sa muke yin ta haka."

Sarkin Jirgi ya dubi rawaninsa biyu a hannu, ya dubi rigar. Sannan ya ce, "Jirgina zai fita da zane mai ɗinki ɗari uku kamar rigar mai tallan gawayi. To, ya fita. A ba ɗan Adam zaren."

Nan da nan Nomau ya zama sarkin masaƙa. Ya sa aka sassaƙa masaƙa arba'in irin tasa, ya jera aljanu arba'in a inuwar Marka, ya koya musu taka ƙafa da jefa ƙoshiya. Da farko sun yi ta cukurkuɗa zare, ya yi ta yi musu faɗa kamar ba aljanu ba, har ya ƙwanƙwashi wani a ka. Da hannunsu ya faɗa kuwa, sai ka ji tashar ta ɗauki ƙaf-ƙaf-ƙaf, zugu, wato naɗin tsirin saƙa, na taruwa tuli-tuli. Ya tambaya ko babu makaɗi a garin, don a ƙasarsu ba a aikin gayya shiru. Aka kirawo wani aljani mai hannu shida da ganguna uku, aiki ya koma biki.

Aka shimfiɗa ƙwaryoyin a bakin teku, dogaye a gefe ɗaya, suna raguwa har zuwa guntaye a goshi, siffar kusurwa uku ta fito. Wajen ɗinki Nomau ya riƙa ɗan sakin tsakiya yana tsuke bakuna, yadda ake yi wa wando don mai shi ya sami wurin zama. Sarkin Jirgi ya ce zanen ya yi tumbi. Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙuwar da za ta zauna a ciki ai iska ce, a ba ta wuri." Aka kewaye bakin zanen da igiya aka ɗinke, aka ɗaura shi a sanda. Zugu uku suka yi saura, ya cusa su a burgame.

Shamuwa ta sauko ta ce, "Biyu sun tafi. Yau ce ta ƙarshe."

Aka cika cikin Mabuɗi da ruwa har ya nutse zuwa wuya. Babban matuƙi ya kama hannun Nomau ya zagaya da shi yana nuna masa igiyoyi. Ya ce waɗannan masu kauri da suka sauko daga kan jigo zuwa gefen jirgi, su ke riƙe da jigon, ba a taɓa su. Wannan da ta bi ta cikin katako mai juyawa, da ita ake ɗaga sanda. Wannan kuma ta kusurwar zane ta baya, ita ce linzami, ana ja ana saki gwargwadon iska. Ya damƙa masa ita ya ce ya riƙe.

Aka ja, sanda ta hau, zanen ya buɗe ya cika da iska ya yi tumbi ɗoɗar, jirgi ya zabura. Aljanu suka yi guɗa. Nomau ya ɗaga kai ya ga saƙarsa ta rufe rabin sama, sai ya ji hawaye na zubo masa don murna.

Ba su yi nisa ba hannunsa ya gaji. Ya dubi wani turke a gefen jirgi, ya ɗaure igiyar tamau, irin ɗaurin da yake yi wa jakinsa mai tsinke talala, ya zauna yana shan iska. Sai wata iska ta bugo daga gefe. Zanen ya nemi a sassauta masa, babu hali, jirgi ya kwanta a haƙarƙari, ruwan shuka ya fara malala cikin teku. Matuƙi ya yi tsalle ya yi ta fama da ƙullin, ya kasa, sai da Nomau ya sa haƙori. Da jirgi ya miƙe matuƙi ya ce, "Ɗan Adam, wannan igiya ba a yi mata ɗaurin jaki! Naɗi biyu ake yi, a riƙe bakin a hannu." Nomau ya leƙa cikin jirgi ya ga ruwa ya ragu da kamu guda, bai ƙara sakin igiyar ba.

Suka wuce tsibirin da iskoki ke cin kasuwa, kowace na tallan sanyinta. Daga nan iska ta juyo musu a fuska. Matuƙi ya karkata goshin jirgi dama, suka yi tafiya, ya yi kira aka juya sanda ta bayan jigo, suka karkata hagu. Haka suka riƙa yi, dama da hagu, dama da hagu, suna cin gaba kaɗan-kaɗan har duwatsun mashigi suka bayyana.

Uwar Guguwa na nan tsaye a tsakani, ƙafarta a teku kanta a cikin gajimare, tana juyawa ba tsayawa. Jikinta duk tsummoki ne, ragowar zannuwa ukun da ta yaga. Muryarta ta cika mashigin.

"Ya Sarkin Jirgi, ba ka gaji ba? Kawo na huɗu!"

Ta miƙo farce kamar lauje ta caka a saman zanen. Kowa ya runtse ido yana jiran ƙarar kecewa. Aka ji ɗan fyat, shi ke nan. Ƙwarya ɗaya ta tsage, sauran ɗari biyu da casa'in da tara suna riƙe da iska, jirgi na tafiya. Ta sake cakawa, ta sake, har sau bakwai, ramuka bakwai ƙanana, Mabuɗi bai ko rage gudu ba. Nomau ya miƙa wa matuƙi igiya, ya kama allura a baki, ya hau jigo yana salati, ya bi sanda da rarrafe. Ya yanko daga zugun burgamensa ya fara toshe ramin farko.

Sai juyawar ta tsaya. Wani ido kamar faifai ya matso dab da shi.

"Ya kai ɗan ƙaramin abu, wane ne ya saƙa wannan?"

Nomau ya cire allura daga baki ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Nomau, daga Gamjin Tudu."

Ta ce, "Shekara dubu ina juyawa, duk zanen da na ɗaura sai juyina ya kece shi. Bana na rasa abin rufe jiki, na ce zan ƙwaci na jirgi, su ma ina taɓawa suke lalacewa. Ni tsohuwa ce, kunya nake ji in tsaya haka a gaban jirage."

Tausayi ya kama Nomau, don ya san zafin tsumma a gaban mutane. Ya ce, "Haba Iya, ai da kin yi magana. Roƙo ya fi ƙwace sauƙi." Ya juya ya dubi Sarkin Jirgi. Sarkin Jirgi ya ce akwai masaƙa arba'in a tasha da suka iya aikin yanzu, zaren baɗi na farko nata ne. Nomau kuma ya zaro zugu biyun da suka rage, ya haɗa su nan take a kan sanda, ɗinkin sauri, ya miƙa mata ta fara ɗaura kallabi.

Uwar Guguwa ta ɗaura, ta juya a hankali, ta juya da ƙarfi, kallabi na nan. Ta ƙyalƙyale da dariyar da ta girgiza duwatsun mashigi. Ta ce, "Ku riƙe igiyoyinku da kyau, 'ya'yana, yau ni zan tura!"

Ta koma bayan jirgi ta hura. Aka saki linzami, zanen ya buɗe gaba ɗaya, Mabuɗi ya bar ruwa ya hau sama. Kogin rairayi ya wuce a ƙasa kamar zare, duwatsu masu kiwo suka watse da gudu. Shamuwa na gefe tana fama ta kamo su tana ihu, "La'asar ta yi a gida! Ku yi sauri!"

Can Nomau ya hango gamjin ƙauyensu, ya hango gonarsa ja wur, zabbi a cikinta. Ya yi ihu, "Nan ne! Ranka ya daɗe, nan ne!" Sarkin Jirgi ya ɗaga hannu ya yi bisimilla, aka zare turakun da ke toshe cikin jirgi.

Sarkin Jirgi ya ce, "Ya Nomau, zauna tare da mu ka zama sarkin zannuwan tasha, ba yunwa ba fari."

Nomau ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma akwai wadda nake so in ga fuskarta in ruwan nan ya sauka."

Aka zura masa igiya, ya sulalo tare da ruwan, ya faɗo tim a tsakiyar gonarsa cikin taɓo. Ƙamshin ƙasa ya bugi hancinsa. Daga cikin gari yana jin guɗa da ihun yara, masu roƙon ruwa suna dawowa a guje, rigunansu a ka. Ruwa aka yi na ƙoshi, bai ɗauke ba sai da kowace kunya ta cika.

Ya shiga gida jiƙe sharkaf, rigarsa a tsage. Tabawa na tsakar gida tana tara ruwan indararo a tulu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, kwana uku ina ka shiga? Har rijiyoyi an leƙa." Ya buɗe baki zai fara, ya ga labarin ya fi ƙarfin bakinsa, ya ce aiki ya kai shi nesa. Ta ce, "Ruwa dai ya zo. Ko ya tarar da sauran abin da zai tayar, Allah kaɗai ya sani."

Kwana uku Nomau bai iya zuwa gonar ba, tsoro yake ji. Yana zaune a bakin masaƙa yana jefa ƙoshiya ba tare da ya san abin da yake saƙawa ba. A rana ta huɗu da sassafe sai ga Tabawa ta shigo da sauri, ƙafafunta duk laka, ashe ita ta riga shi zuwa. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi har bakin gona.

Layi-layi, tun daga gindin gamji har bakin rafi, gero ya tsiro, kore shar, kowane rami da 'yan kunnuwansa a tsaye. Akwai gurbin da tururuwa suka cinye nan da can, amma abin da ya tashi ya isa ya cika rumbu. Nomau ya durƙusa ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa, dariya da kuka suka haɗe masa. Tabawa ta tsaya a kansa tana share ido da bakin mayafi, sannan ta miƙa masa fartanyar da ta ɓoyo a bayanta.

Ta ce, "Tashi, Malam. Ciyawa ma ta sha ruwan nan."